Shin atisayen ƙarfafa jiki na jawo wa 'yan ƙwallo rauni?

A garuruwa irin su Diggi, da ke ƙaramar hukumar Kalgo a masarautar Gwandu ta jihar Kebbi, matasa da dama na da burin buga ƙwallo a manyan makarantu ko a ƙungiyoyin ƙwararru. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da mazauninta a yankin na Kalgo, kuma jami'o'in Najeriya na fafatawa a wasannin NUGA tun 1966.

Hanya ɗaya da matasa ke bi domin shirya jikinsu ita ce ɗaga nauyi, wani lokaci da ƙarafan zamani, wani lokaci kuma da siminti da aka zuba a gwangwani aka soka masa rodi. Tambayar da ake yawan yi ita ce ko irin wannan atisaye na kare ɗan wasa ne, ko kuwa shi ke karya shi.

Me bincike ya nuna?

Akasarin binciken da aka gudanar ya nuna cewa ƙarfafa tsoka bisa tsari na rage rauni.

A 2014 wata mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya ta wallafa nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutane sama da dubu 26. Nazarin ya gano cewa atisayen ƙarfafa tsoka ya rage raunukan wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, yayin da miƙe jijiyoyi kaɗai bai nuna wani tasiri ba.

An kuma gwada hakan a Najeriya. Wani bincike da aka wallafa a 2014, kan matasan 'yan ƙwallo sama da 400 a Legas, ya nuna cewa ƙungiyoyin da suka bi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ sun sami raguwar rauni da kashi 41 cikin ɗari. Tsarin na ɗaukar kimanin minti 20, kuma bai buƙatar wasu kayan aiki masu tsada.

To ina haɗarin yake?

Haɗarin na zuwa ne idan aka ɗora wa jiki aikin da bai saba da shi ba a lokaci guda, musamman bayan dogon hutu.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne a Amurka, inda ƙwallon zari-ruga ta jami'o'i ke da ɗimbin magoya baya. A watan Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasa 13 na Jami'ar Iowa a asibiti, jim kaɗan bayan sun dawo daga hutu. An sa su tsugunawa da miƙewa sau 100 ɗauke da rabin nauyin da kowannensu ke iya ɗagawa. A Janairun 2017 ma an kwantar da 'yan wasa uku na Jami'ar Oregon bayan atisaye mai tsanani, lamarin da ya sa aka dakatar da mai horar da su na wata guda.

Abin da ya sami 'yan wasan na Iowa shi ne lalacewar tsoka, wadda likitoci ke kira rabdomayolisis. Idan tsoka ta wahala fiye da kima, sai ƙwayoyinta su farfashe, su zubar da sinadaran da ke cikinsu zuwa jini. Ƙoda ce ke tace su, kuma idan suka yi mata yawa tana iya daina aiki.

Alamomin sun haɗa da ciwon tsoka mai tsanani, da kumburi, da kasala, da kuma fitsari mai duhu kamar ruwan shayi. Likitoci na cewa duk wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, kada ya tsaya shan maganin kashe zafin ciwo, domin wasu daga cikin irin waɗannan magunguna na ƙara wa ƙoda wahala.

A 2019 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta amince da ƙa'idojin da suka ce a sassauta atisaye a kwanakin farko bayan hutu, kuma kada a mayar da motsa jiki hanyar hukunta ɗan wasa.

Me ya sa batun ya shafi arewacin Najeriya?

Dalili na farko shi ne zafi. A Kebbi da maƙwabtanta zafin rana na wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a watannin Maris da Afrilu. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin lalacewar tsoka da na ƙoda, abin da ya kamata a lura da shi musamman a lokacin azumi.

Na biyu shi ne rukunin jini. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan Najeriya na da jinin AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da cutar ba. Galibinsu na rayuwa lafiya lau, kuma ana samun manyan 'yan wasa a cikinsu. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2016, kan sojojin Amurka baƙar fata kusan dubu 48, ya gano cewa masu AS sun fi sauran fuskantar haɗarin lalacewar tsoka da kimanin kashi 54 cikin ɗari, ko da yake bai gano ƙarin mace-mace a cikinsu ba.

Tun 2010 NCAA ta fara neman a yi wa 'yan wasan rukuninta na farko gwajin wannan jini, bayan mutuwar Dale Lloyd, ɗan wasan Jami'ar Rice, a 2006.

Me masana ke ba da shawara?

Shawara ta farko ita ce a ƙara nauyi sannu a hankali, mako bayan mako, kuma a bar tsokar da ta sha aiki ta huta kwana ɗaya ko biyu kafin a sake matsa mata.

Ta biyu ita ce koyon yadda ake ɗaga nauyi daidai daga wanda ya sani, domin lanƙwasa baya ko murɗa gwiwa ƙarƙashin nauyi na iya jawo targaɗe da ciwon baya.

Akwai kuma atisayen da bai buƙatar ƙarfe. Ɗan wasa zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali. Nazarin da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa wannan na rage tsagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi.

A wurare masu zafi ana so a yi atisaye da sassafe ko da yamma, a sha ruwa isasshe, ɗan wasa ya san rukunin jininsa, kuma mai horarwa ya ƙyale duk wanda ya ce ya gaji ya tsaya ya huta.