Takardun Kuɗin Bankuna Masu Zaman Kansu da Masu Tara Su

Takardar kuɗi a hannun 'yan kasuwa ta samo asali, kafin gwamnatoci su karɓe ta. A lardin Sichuan na ƙasar Sin, wajen ƙarshen ƙarni na 10, da tsabar baƙin ƙarfe ake ciniki, ga ta da nauyin tsiya. Sai fatake suka riƙa kai ta ajiya gidajen attajiran birnin Chengdu, a ba su takarda mai hatimi da ake kira jiaozi. Duk wanda ya kawo takardar, a ƙirga masa kuɗinsa. Da wasu gidajen suka kasa biya, daular Song ta karɓe aikin, ta fara buga nata a 1024.

Nauyin ne kuma ya haifar da ita a Turai. Kuɗin Sweden faifan tagulla ne, mafi girmansu ya kusa kilo 20. A 1661 bankin Johan Palmstruch da ke Stockholm ya fitar da takardu a madadinsu, amma ya buga fiye da abin da ke ma'ajiyarsa. Bankin ya durƙushe, aka ɗaure mai shi.

Inda abin ya fi yin ƙamari shi ne Amurka, tsakanin 1837 da 1863. Kowane ƙaramin banki da tasa takardar, ga jabu ko'ina. Mai kanti kan ajiye ɗan littafi kusa da akwatin kuɗinsa, ya duba sunan bankin da darajar takardarsa kafin ya miƙa kaya. Harajin kashi 10 cikin 100 da majalisa ta sa a 1865 shi ya kashe takardun. Ingila ta taƙaita nata da dokar 1844, bankin kasuwanci na ƙarshe mai izinin buga takardarsa ya rasa shi a 1921. Har yau dai bankunan kasuwanci na buga kuɗi a Scotland da Hong Kong, bisa sharuɗɗa masu tsauri.

Sha'awar tara takardun kuɗi ta bunƙasa a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da garuruwa da kamfanoni suka buga kuɗin wucin gadi, Notgeld. Da suka ga ana rububinsu, sai suka koma ƙawata su don masu tarawa kawai. An kafa ƙungiyar masu tarawa ta duniya a 1961, kundin Albert Pick kuma ya ba kowace takarda lamba. Gwani kan ɗaga takarda ga haske ya nemi alamar ninki, domin ninki ɗaya ma yana rage mata farashi. Kuskuren bugu kuwa ƙara mata daraja yake yi.