Tarayyar Masu Baburan Ƙanƙara ta Kebek: Yadda Aka Faro

A hunturun 1934, a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kebek na ƙasar Kanada, ɗan wani makanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya kamu da matsanancin ciwon ciki. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, aka kasa kai yaron asibiti, ya rasu yana ɗan shekara biyu. Dama uban ya daɗe yana faman ƙera motar da za ta iya tafiya a kan ƙanƙara, sai rashin ya ƙara masa ƙaimi. A 1937 ya fitar da mai ɗaukar mutum 7, a 1942 ya kafa kamfani, a 1959 kuma ya fito da Ski-Doo, ɗan babur mai ƙafafun sulɓi biyu a gaba da faffaɗan bel na roba a madadin tayar baya.

Bombardier ya rasu a 1964, bai ga yadda baburan suka cika lardin ba. Ga abin hawa, amma babu hanya. Kowa ya bi inda ransa ya so: ta cikin gonaki, ta kan layin dogo, ta kan tafkin da ya daskare. Aka yi ta karya shinge, haɗurra suka yawaita, manoma suka fusata. Daga nan masu baburan suka fara haɗa ƙungiyoyi gari-gari, suna neman izinin masu filaye, suna sare itatuwa, suna kafa alamomi. A 1974 ƙungiyoyin suka dunƙule a ƙarƙashin tarayya guda, wadda aka fi sani da FCMQ.

A ganina, wannan shekarar ta cancanci a riƙa tunawa da ita kamar 1959. Yau tarayyar na da ƙungiyoyi kusan 200, da hanyoyi masu tsawon kilomita kusan 33,000, kuma galibin aikin 'yan sa kai ne ke yin sa. Tun kafin ƙanƙara ta sauka suke fita gyaran gadoji da share rassan da iska ta karya. Idan hunturu ya kankama, da tsakar dare babbar motar daɓe hanya ke fita, tana jan wani dogon ƙarfe da ke farfasa tudun ƙanƙara yana daddale ta, sanyin asuba ya ƙanƙame ta kafin matafiya su fito. Kuɗin mai da na gyara kuwa, mafi yawansa daga takardar izinin da kowane mai babur ke saya yake fitowa.

Wani babban yanki na hanyoyin nan burtali ne a cikin gonakin mutane, da yardarsu. Manoman sun san darajar abin da ke hannunsu, shi ya sa idan rigima ta haɗa su da gwamnati sukan yi barazanar rufe hanya, har sun taɓa rufewa, masu otal suka ji a jikinsu.

A kan wannan aiki ne sana'ar jagorantar baƙi ta ginu. A yankin Gaspésie, hanyar Trans-Québec mai lamba 5 ce ke kewaye zirin ƙasar da ya kutsa cikin teku. Ayari kan kwashe kwanaki a kanta, jagora a gaba, baƙi a jere a bayansa, su haura duwatsun Chic-Chocs inda ƙanƙara ke lulluɓe itatuwa tun daga sama har ƙasa, su gangaro bakin teku har gaban dutsen Percé mai huda, su kwana a wani gari, gobe su kama hanyar wani. Da yawansu daga Faransa suke zuwa, wasu ma ba su taɓa hawa babur ɗin ba.

Haɗarin hakan ya fito fili a watan Janairun 2020, lokacin da wani ayari ya bar hanyar da aka shata a yankin tafkin Saint-Jean, ƙanƙara ta rufta da su. Jagoran da Faransawa 5 suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Kebek ta zartar da sabuwar dokar da ta wajabta wa duk mai jagorantar baƙi samun horo kafin ya ja ayari.