Jinyar oksijen cikin ɗakin matsi: abin da take yi wa huhu

Kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa oksijen. A wannan jinya, ana sa majinyaci cikin wani ɗaki na ƙarfe ko roba mai kauri, a rufe, a ƙara matsin iska ya ninka na waje sau 2 zuwa 3, ya shaƙi oksijen zalla na kusan minti 90 zuwa awa 2. Matsin yana sa oksijen narkewa cikin ruwan jini, ya kai inda jini ba ya gudana sosai.

Ana amfani da ita ga masu nutso cikin teku, da wasu gyambunan masu ciwon suga, da kuma waɗanda suka shaƙi gubar da gawayi ko janareta ke fitarwa a rufaffen ɗaki. A iskar waje, jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar. Cikin ɗakin matsi, ƙasa da rabin awa. Amma matakin farko shi ne a fitar da mutum waje, a garzaya da shi asibiti a sa masa oksijen.

Oksijen ma, idan ya yi yawa, yana cutarwa. Bafaranshe Paul Bert ya nuna a 1878 cewa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, sannan a 1899 Lorrain Smith ya gano yana kumbura huhu idan an daɗe ana shaƙa. Alamominsa tari ne da zafin ƙirji, shi ya sa ake ba majinyaci hutu na ƴan mintoci ya shaƙi iska ta yau da kullum. A tsarin da aka saba bi, da wuya huhu mai lafiya ya samu illa mai ɗorewa.

Babban haɗarin yana wajen rage matsi, domin iskar da ta maƙale a ƙirji tana buɗewa. Wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da haƙarƙari, ba a kuma zuƙe ta ba, ba ya shiga ɗakin ko kaɗan. Mai asma, da wanda tarin fuka ya bar wa tabo, sai likita ya duba hoton ƙirjinsu.

Abin da aka fi kuka da shi dai ciwon kunne ne. Ashana, mai da turare kuwa ba sa shiga ɗakin, saboda gobara.