Kiɗan Biki da Zaman Aure a Ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun kiɗa da waƙa cikin sha'anin aure a kudu maso yammacin Katsina, watau ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa kiɗan biki a nan aiki biyu yake yi: da shi gari ke shaida aure, da shi kuma mace ke faɗin abin da kunya ta hana ta faɗa da baki. Duk wani sauyi da ya sami kiɗan, to, ya taɓa ɗayan waɗannan biyu.

Wannan yanki yana cikin abin da masana tarihi ke kira Katsina Laka, ƙasar da ta fi arewacin masarautar ruwan sama da ƙarfin ƙasa. Ta yi iyaka da Zamfara daga yamma, da Birnin Gwari daga kudu. A cikinta akwai tsofaffin garuruwa irin su Pauwa da Birnin Kogo, waɗanda Yusufu Bala Usman ya yi magana a kansu cikin littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Har yau ma hakimin Ƙanƙara sarautar Sarkin Pauwa yake riƙe da ita. Mazauna ƙasar kuwa Hausawa ne Musulmi, da Maguzawa a gidajen gona, da Fulani makiyaya a bakin daji. Tun da yake noma ne rayuwarsu, aure ma sai ya bi tsarin shekarar noma. Da damina ake nema, da kaka ake biki, sa'ad da rumbu ya cika, hanya ta bushe, farin wata ya fito.

Kiɗan aure yana farawa tun kafin a yi maganar aure. A dandali ne saurayi ke fara ganin yarinya, tana gaɗa da tsararrakinta ko tana rawar kalangu. Mai kalangu ya san taken kowace budurwa, kuma idan ya kaɗa taken wata, saurayin da ya fito ya yi kari ya riga ya bayyana kansa a gaban gari ke nan, tun bai aika da na-gani-ina-so ba. Haka kuma idan magana ta yi nisa, saurayi kan tara abokansa su yi gayya a gonar surukinsa, mai gangar noma yana bin su kunya-kunya yana zuga su. Mahaifin yarinya ba sai ya tambayi kowa ba, da idonsa zai ga ƙarfin yaron da yawan mutanensa.

Idan biki ya zo, kusan kowane mataki da sautinsa. Ranar kamu da sa lalle ƙawaye ne ke waƙa, amarya tana kuka, su kuwa suna lallashi suna zolaya. A wunin biki mata kan kife ƙore, wata a kan ruwa cikin masaki, a kaɗa da 'yan sanduna, zabiya tana bayarwa ana amsawa. A ƙofar gida kuma abokan ango na ajo, maroƙi yana shelar abin da kowa ya bayar. Wannan shela ta maroƙi ta cancanci a tsaya a kanta. A garin da ba a rubuta aure a takarda, bakin maroƙi da na zabiya shi ne littafin ajiya. Su ne ke ambaton wance 'yar wane ce, jikar wane, ta bayar da kaza. Kuma tun da biki bashi ne, wadda aka yi wa yau za ta tuna ranar da za ta rama. M. G. Smith ya yi bayanin wannan aiki na roƙo a 1957, daga binciken da ya yi a ƙasar Zazzau, kuma abin da Baba ta Karo ta faɗa wa Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya nuna irin wannan tsari a wajejen Giwa da Zarewa, waɗanda ba su da nisa da yankinmu. Daga ƙarshe sai rakiya, da dare, da guɗa, har ɗakin miji. Guɗar nan ita ce sanarwa ta ƙarshe cewa wance ta tashi daga gidan wane ta koma gidan wane.

To, amma mafi yawan waƙar aure ba a wurin biki take ba, tana cikin gida bayan taro ya watse. Amarya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta mayar wa uwar miji magana, ba ta kuma iya fuskantar uwargida kai tsaye. Sai dai idan ta durƙusa a kan dutsen niƙa da asuba, ko ta kama taɓarya ana lugude, ko ta ɗauki shantu da dare, nan ne za ta yi habaici ga kishiya, ta yi begen gidansu, ta yi wa miji marowaci zambo ba tare da ta kama suna ba. Kowa a gidan ya ji, kowa ya gane, amma ba mai iya kai ƙara, domin waƙa ce. A ganina wannan ita ce taska mafi girma a adabin bakan yankin, kuma ita ce wadda manazarta suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda mun fi son bin makaɗan fada masu suna, waɗanda ke da faifai.

Malamai sun daɗe da sa ido a kan wannan sha'ani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki cuɗanyar maza da mata a wuraren kiɗa, alhali kuwa fiƙihun Malikiyya ya yarda da kaɗa bandiri don bayyana aure. Veit Erlmann ya tattara ra'ayoyin shugabannin jihadi a kan kiɗa cikin littafinsa na 1986. Bayan Katsina ta shiga hannun Ummarun Dallaje a wajen 1807, abin da ya faru a karkara shi ne sasantawa. Gidajen malamai suka taƙaita ga ɗaurin aure da walima, talakawa suka ci gaba da kalangunsu, Maguzawa kuma da gangunansu da giyarsu.

Sauyi na gaba auduga ce ta kawo shi. Jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Kuɗi suka shiga hannun manomi a lokaci guda kowace shekara, daidai lokacin bukukuwa. Lefe ya ƙaru, gara ta ƙaru, mai hali kuma ya fara ɗauko makaɗi daga nesa maimakon na ƙauyensu. Funtuwa ta zama matattarar irin waɗannan makaɗa. A can Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zauna, kuma daga wannan ƙasa Hajiya Barmani Choge ta fito, wadda ta rasu a 2013. Muhimmancin Barmani ga batunmu shi ne, ta ɗauki kiɗan ƙwarya na tsakar gida, da zancen kishi da haihuwa da sana'ar mata, ta fito da su fili, har rediyo da kaset suka kai su ko'ina. Abin da matan kulle ke faɗa a asirce sai ga shi ana saye a kasuwa.

Ribar ba ta zo ita kaɗai ba. Injin niƙa da ya bazu a ƙauyuka ya hutar da mata daga wahala mai tsanani, ba kuwa mai hankalin da zai so a koma. Amma da dutsen ya tafi, waƙarsa ta bi shi. Makarantar boko, musamman bayan shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976, ta rage zaman dandali. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da kuma ƙaddamar da Shari'a a Jihar Katsina a 2000, sun sa gidaje da yawa sun maye gurbin ajo da walima, kiɗan ƙwarya kuma da wa'azin malama ko waƙoƙin 'yan Islamiyya. Inda kiɗa ya saura, sai ya koma na fiyano: a aika wa mawaƙi a birni da sunan ango da amarya da na dangi a rubuce, ya rera a situdiyo, a zo a sa a lasifika. Sunayen suna nan, amma mai ambatonsu bai san masu su ba, bai kuma san wa ke bin wa bashin biki ba.

Duk waɗannan sauye-sauye sun bar wa biki abubuwa biyu da ya dogara a kansu, watau dare da hanya. Su ne rashin tsaro ya zo ya taɓa. Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a Jihar Katsina. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, na tsawon watanni. A farkon Fabrairu 2024 kuwa aka tare mata 'yan rakiyar amarya a ƙasar Sabuwa, aka tafi da fiye da 30 daga cikinsu. Wannan na ƙarshe ya nuna yadda al'adar kanta ta zama tarko: rakiya taron mata ne, da ado, da kaya, a kan hanyar da kowa ya sani, a lokacin da kowa ya sani. Guɗar da aka ƙirƙira don gari ya ji, yanzu akwai kunnen da ba a son ya ji ta.

Saboda haka a ƙauyuka da dama aka taƙaita biki, a kai amarya da rana da mutane kaɗan, a watse kafin magariba. Iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Ƙanƙara ko Faskari ko Funtuwa suna aurar da 'ya'yansu a cikin baƙi, inda zabiyar unguwa ba ta san kakannin amarya ba. Tsofaffin matan da suka yi niƙa a dutse, suka kuma san nasabar gidajen ƙauyukansu, da yawansu suna cikin waɗannan garuruwa a yau, a gidajen 'yan'uwa da na haya, kuma ɗalibin da ke neman abin nazari zai iya isa gare su da rana tsaka ba tare da ya shiga daji ba.