Wayarin na'urar hana mota santsi

Kamfanin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da na'urar a 1995. Toyota na kiranta VSC, Honda kuwa VSA.

Ƙwaƙwalwarta na haɗe da famfon burki. Wayoyi na kawo mata gudun kowace taya, da juyin sitiyari, da yadda jikin mota ke karkata a kwana. Da ta ji motar za ta ƙwace, sai ta matse burkin taya guda. Wayoyi biyu murɗaɗɗu, layin CAN, su ke haɗa ta da kwamfutar inji.

A Agege, inda tsofaffin motocin ƙasashen waje, wato tokumbo, suka cika titi, ruwan damina kan sa soket ɗin taya tsatsa, fitila ta kunna a dashbod. Gwanin mai wayarin kan duba fis da wayar bodi tukuna, kafin a nufi kasuwar Ladipo sayen wata ƙwaƙwalwar.