Rabon Ƙaguwa da Jatan Lande a Abincin da Tudu Ke Zuba wa Rafi

A shekarar 2001 Shigeru Nakano da Masashi Murakami suka nuna cewa kashi 44 cikin ɗari na kuzarin da kifayen rafin Horonai, a tsibirin Hokkaido na Japan, ke samu a shekara daga ƙwarin tudu yake fitowa, wato tsutsotsi da sauran ƙananan halittun da ke faɗowa daga rassan bishiyoyi. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa rafi ba duniya ce da ke ciyar da kanta ba. Sai dai lissafin ya fi karkata ga kifi, kuma a ganina an tauye wa ƙaguwa da jatan lande da danginsu haƙƙi.

Tushen matsalar shi ne rabe-raben da aka gada. Tsarin da Vannote da abokan aikinsa suka fitar a 1980 ya kasa halittun rafi bisa yadda suke cin abinci, kuma an daɗe ana lissafa ƙananan dangin jatan lande irin su Gammarus cikin masu yayyaga ruɓaɓɓen ganye. A 1997 MacNeil da Dick da Elwood suka tattaro hujjojin da ke nuna cewa Gammarus mafarauci ne kuma mai cin mushe. Halittar da ke cin nama haka ba za ta bar tanar da ruwan sama ya koro ba, ko farar da ta nutse.

Akwai kuma dalili na aiki. Kifi yana haɗiye ƙwaro ɗungurungum, mai bincike ya buɗe cikinsa ya ga fiffike da ƙafa, ya gane shi. Ita kuwa ƙaguwa da dare ta fi kiwo, tana yagar abinci da ƙafafunta masu kama da almakashi, sannan wasu haƙora da ke cikin tumbinta su niƙe shi. Abin da ya saura ba ya ganuwa, sai a rubuta shi a matsayin tarkace. Shi ya sa nake ganin binciken sinadaran da ke jikin naman dabbar ya fi buɗe ciki amfani a nan.

Batun ya fi nauyi a ƙasashe masu zafi. A tsaunukan Luquillo na Puerto Rico, jatan landen Xiphocaris da Atya ne suka mamaye ƙoramu. A ƙoramun Najeriya kuma akwai ƙaguwoyin Sudanonautes, waɗanda kan fito gaɓa su yi kiwo. Idan aka sare itatuwan bakin rafi don noman rani, ba inuwa kaɗai aka ɗauke musu ba, an datse hanyar da naman tudu ke isowa gare su.