Shamfen: giyar da doka ta tsare sunanta

Shamfen giyar inabi ce mai kumfa da ake yi a yankin Champagne, a arewa maso gabashin Faransa, kewayen Reims da Épernay. Tun 1936 doka ta keɓe sunan ga giyar yankin kaɗai. Irinta ta wani wuri sai ta nemi nata suna, kamar Cava ta Sifen.

Inabi iri uku aka fi matsewa: Chardonnay, Pinot Noir da Meunier. Ana ƙara wa giyar sukari da yis, a toshe kwalba ta sake tsima a ciki, daga nan kumfar ke fitowa. Sai ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar. Mai tambarin "brut" sukarinta kaɗan ne, Faransawa kan sha ta da kifi. "Demi-sec" ta fi zaƙi.

Mai sayayyar biki a Yamai ko Garwa ya lura: shamfen na ɗauke da barasa kusan kashi 12 cikin 100. Ruwan inabi mai kumfa maras barasa abu ne daban, ko da kwalaben sun yi kama. A duba "sans alcool" a jikin kwalbar.